Sunan Luka a Iskar Dingaya

A takardar haihuwa Luke aka rubuta, amma duk faɗin Birnin Kudu ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da wannan sunan. Luka ake ce masa, daga baya aka ƙara da Mai Intanet. Mahaifinsa daga kudancin Kaduna ya zo, ya yi aikin tura marasa lafiya a babban asibitin garin har ƙarfinsa ya ƙare. A nan aka haifi Luka, a nan ya yi rarrafe, da Hausar garin ya buɗe baki. Duk da haka tsohon bai taɓa gajiya da ja masa kunne ba. Yakan ce, "Mu baƙi ne. In wani abu ya haɗa ka da ɗan gari, kada ka tare shi gaba da gaba. Nemi babba ya shiga tsakani." Luka ya manta rabin abin da aka koya masa a makaranta, amma wannan maganar ya riƙe ta gam.

Shekarar da aka yanko Jigawa daga jikin Kano yana saurayi, yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota. Daga rediyo ya koma talabijin, daga talabijin ya koma ɗaura farantin kallon ƙwallo a gidajen ma'aikata, da wayar hannu ta shigo kuma ya bi ta ya koyi cikinta. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu mai waya a jiki su bar shi lafiya, sai sun kwance sun ga hanjinsa. Matarsa Dinatu, malamar firamare, har ɓoye masa dutsen guga take yi. Gajere ne mai kauri, ba shi da yawan magana. Zuciyarsa ba ta tashi da wuri, amma in ta tashi sai ta daɗe ba ta kwanta ba.

Da intanet ya iso wannan yanki, Luka ne ya fara raba shi ta iska. Yana saye daga wani kamfani ta wani babban faranti da ya girke a bayan shagonsa. Sai ya kafa dogon ƙarfe a kan wani dutse a bayan gari, ya ɗaure masa wasu na'urori da masu sana'ar ke kira rediyo, ko da yake ba sa labarai ba sa waƙa. Duk wanda ya saya, a liƙa masa nasa ɗan rediyon a saman kwano, a juya fuskarsa ya kalli dutsen. Babban rediyon kan ƙarfe yana da suna da mai shi ya rubuta a cikinsa, yana kuma da tashar da yake zaune a kai. Ƙananan na gidaje sunan suke nema a iska, in sun ji shi su bi. Tashoshin kuwa 'yan kaɗan ne. In manyan rediyo biyu suka hau tasha ɗaya suna jin juna, sai abin ya zama kamar mutum biyu suna magana lokaci guda a zaure ɗaya, ba mai fahimtar kowa. Luka bai wahalar da kansa wajen zaɓen suna ba, nasa ya rubuta.

Farkon kafa ƙarfen an so a yi rigima. Damina ta yi jinkiri a shekarar, wasu suka ce ƙarfen Luka ne ke kore hadari. Bai yi musu da kowa ba. Ya je wurin mai unguwa da goronsa, mai unguwa ya tara mutane ya yi musu magana, aka watse. Bayan 'yan kwanaki kuma aka tafka ruwa har katangu suka zube, masu zargin suka koma gyaran soro. Tun daga nan Luka ya ƙara yarda cewa tsohonsa ya san duniya.

A waɗannan shekarun ne wani maƙeri daga Dingaya, ta ƙasar Gwaram, ya shigo shagon riƙe da hannun ɗansa. Sunan maƙerin Ɗanbala, ɗan kuma Abdulnasir, gama sakandarensa ke nan. Ɗanbala ya ce yaron ƙarfe yake so amma ba irin na maƙera ba, ya ji an ce Luka ba ya ha'inci, ga shi nan amana. An yi surutu a Dingaya, an yi a Birnin Kudu, wai a rasa wanda za a ba ɗa sai Kirista. Ɗanbala bai kula kowa ba.

Abdulnasir ya yi shekara da shekaru a gidan Luka. Da azumi Dinatu ce ke tashi ta ɗumama masa sahur. Ranar Lahadi shi ke kai 'yan matan gidan, Joy da Rebecca, coci a babur, ya tsaya a gindin darbejiya yana jiransu. Ya koyi hawa ƙarfe, ya koyi naɗe kan waya yadda ruwa ba zai shiga ba, ya koyi saita fuskar rediyo da ido tun kafin a kunna kwamfuta. Luka bai iya yabo ba. In aiki ya yi kyau sai ya ce "ba laifi", ya wuce. Amma Dinatu ta san mijinta. Ta san in da za a tambaye shi abin da ya gina a duniya, ƙarfen kan dutse zai nuna, kuma ƙarya zai yi. Abdulnasir ne abin da ya gina, kuma ba abin da yake tsoron rasawa kamar yaron nan.

Ranar da aka yaye shi daga koyon sana'a an dafa shinkafa, Ɗanbala ya zo da kaji. Luka ya ba yaron jakar kayan aiki da ɗamarar hawa, sannan ya shiga ciki ya ɗauko wani babban rediyo lafiyayye da bai daɗe da saukewa daga kan dutse ba. Yadda ya sauko haka ya ba da shi, da sunansa da tasharsa a ciki. Ɗanbala ne ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a, sannan ya miƙa wa ɗansa.

Abdulnasir ya koma Dingaya. A lokacin ba intanet a can ba dalilinsa, sai ya kama gyaran waya da noma, ya auri wata yarinyar unguwarsu, Khairiyya. Zumunci bai yanke ba, ya dai ja baya irin na mutanen da aiki ya sha wa kai. Naman Sallah yana zuwa Birnin Kudu, shinkafar Kirsimeti tana zuwa Dingaya.

Shi kuwa Luka sai ya ɗauko babban aikin rayuwarsa, ya ja sabis daga Birnin Kudu har garin Gwaram. Mutane sun ce ba zai yiwu ba, nisan ya yi yawa. Ya kafa ƙarfe a tsakiyar hanya a gonar wani, ya kafa wani a Gwaram, ya yi ta hawa yana sauka har abin ya kama. Makaranta ta saya, masu kemis suka saya, ma'aikata suka saya. Babban mai sayensa shi ne Alhaji Haladu, mai shagon kwamfutoci a bakin kasuwa, wanda ake kira kafe, inda ɗalibai ke cika maƙil lokacin rajistar jarrabawa. Luka ya ji daɗin wannan aiki sosai, har tafiyarsa ta canja.

Wata shekara, ana cikin girbin gero, sabis ɗin Gwaram ya fara wasa. Ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Mutum ya danna shafi, ya je ya yi alwala ya dawo, bai buɗe ba. Wayar Luka ta daina hutawa. Ya fara da zargin ruwan sama, ya ce ya shiga waya, ya canja wayar. Ya zargi batir, ya canja. Ya zargi wata ƙatuwar tsamiya da ta cika ganye a kan hanyar iskar, ya roƙi mai gona aka rage mata rassa, tsamiya ta sha sara a banza. Ga shi shekaru sun fara ja, gwiwa tana ƙara in zai hau ƙarfe, amma kullum yana kan babur tsakanin garuruwan biyu, ya dawo gida jiki duk ya mutu.

Wata safiya ya hau ƙarfen Gwaram da kwamfutarsa a rataye, ya ɗaure kansa, ya sa rediyo ya saurari iska ya nuna masa duk wanda ke magana a cikinta. Ya ga na banki, ya ga na kamfanin waya, kowa a tasharsa. Sai ya ga sunansa. Ya murje ido ya sake dubawa, ya ga sunan sau biyu. Ɗaya nasa ne, wanda yake rungume da shi. Ɗayan kuwa daga wani wuri yake zuwa, a kan tasha ɗaya da nasa, kuma da ƙarfinsa. Ya shiga juya eriya a hankali yana neman inda ya fi ƙarfi, hannunsa ya tsaya a saitin Dingaya. Nan take ya gane abin da ke faruwa. Muryoyi biyu suna danne juna, ƙananan rediyon gidajen Gwaram kuma sun rikice, su ji Luka nan su ji Luka can, su saki wannan su kama wancan, su tashi hannu rabbana.

Bai sha wuyar bincike ba. Wani ɗan acaɓa ya gaya masa ai ƙungiyar manoman Dingaya ta haɗa ƙarfi ta sa faranti, ɗan maƙeri kuma ya kafa ƙarfe yana raba wa makaranta da ɗakin shan magani da masu shago.

Luka ya zauna a gindin ƙarfensa yana juya abin a ransa. Da wani ne daban, da ya ce jahilci ne. Amma Abdulnasir? Abu na farko da ya koya masa a wannan sana'a shi ne, kafin ka kunna rediyo ka saurari iska, ka nemi tashar da ba kowa, ka sa sunanka. Ya faɗa masa ya fi a ƙirga. Ba yadda za a yi ya ce bai sani ba. To in ya sani, me ya rage? Ko dai yana cin kasuwa da sunan maigidansa, ko kuma so yake ya kashe layin Gwaram ya gaje shi. Baƙin ciki ne ya fara zuwa, fushin daga baya ya biyo.

Da ya gaya wa Dinatu, tana tsintar wake a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To ka kira shi mana, Baban Joy."

"Ni zan kira shi? Wa ya koya wa wani aiki, ni ko shi?"

"Yaron da ya ci tuwona shekara da shekaru ba zai yi maka haka da gangan ba. Ka kira shi ka ji."

"Ai ya san lambata. In yana da kunya shi zai kira."

"To in ba ka kira, ka matsa daga tashar ka bar masa."

Nan fa ya miƙe tsaye. Ya ce ta san abin da take faɗa kuwa? Ya bi Gwaram gida-gida yana hawa kwano, yana sake saita rediyon mutane ɗaya bayan ɗaya, da wannan gwiwar, don ya kauce wa yaron da ya tashi a hannunsa? Ai shi ya riga zama a tashar nan.

Dinatu ta ce, "Tashar gadon gidanku ce? In ba za ka kira ba, ni zan kira."

Ya ce in ta kira bai yafe ba. A duk zamansu bai taɓa faɗa mata irin wannan ba. Ta dube shi, ta mayar da kai kan wakenta.

Wahalar hawa kwano gaskiya ce, amma ba ita ta hana shi ba. Girman kai ne, da kuma tsoro. Yana tsoron ya kira ya tambaya, Abdulnasir ya ce masa e, da gangan ne. Muddin bai tambaya ba yana ganin akwai sauran fata.

Sai ya yi abin da shi kansa yake zagin wasu a kai. Ya tafi Kano ya sayo na'urar ƙara ƙarfi, ya ɗaura wa rediyon Gwaram, ya buɗe ta har ƙarshe, wai ya danne muryar Dingaya. Ya san sarai wannan ba gyara ba ne, ƙarin hayaniya ne. Abin ya yi kamar ya gyaru na 'yan kwanaki, sannan ya ƙara lalacewa, har gidajen da a da ba su da matsala suka shiga ciki. Luka ya rame. A coci ana waƙa yana can yana juya eriya a ransa, a gida kuma yaran sun koyi yin shiru in sun ji ƙarar baburinsa.

A cikin wannan hali ne wayarsa ta yi ƙara wata rana da hantsi, ya duba ya ga Abdulnasir. Ya ɗauka.

"Oga, barka da hantsi. Ina gajiya? Ina Mama? Ya su Joy da karatu?"

"Lafiya lau."

"Ya aiki, Oga?"

"Da godiya."

Luka yana jin numfashin yaron, yana jin bugun guduma can nesa a maƙerar gidansu. Ya matse wayar a kunne yana jira ya ji an ce, Oga na yi kuskure. Da an faɗi haka, wallahi da magana ta ƙare a wurin. Can sai Abdulnasir ya ce, "Dama gaisuwa ce, Oga. Ko akwai wani abu da za ka ce min?"

"Ba komai," in ji Luka.

"To, Allah ya huta gajiya. A gaida Mama."

Luka ya ajiye wayar. Wato har da ba'a. Ya ɓata masa aiki, sannan ya kira yana tambaya ko akwai magana. Ranar ko abinci bai ci ba.

Rajistar jarrabawa ta kama. Ɗalibai suka yi layi a ƙofar kafen Alhaji Haladu tun da safe, wasu daga ƙauyuka suka zo a ƙafa, kwamfutoci suna ta juyi ba sa buɗe komai. Alhaji ya tare Luka a bakin kasuwa ya sauke masa kwandon masifa a gaban jama'a. Luka ya haɗiye, ya ja shi gefe. A nan ne maganar mahaifinsa ta faɗo masa, ta a nemi babba ya shiga tsakani. Ya gaya wa Alhaji abin da ya gani a iska, murya ƙasa-ƙasa, ya roƙe shi ya samu wani dattijo da zai yi wa yaron magana a asirce, ba tare da kowa ya ji ba.

Shawarar tsohon ba ta da laifi, wurin zaɓen babban ne Luka ya yi kuskure. Alhaji Haladu babba ne a riga da aljihu, amma cikinsa ba ya riƙe magana, kuma duk abin da ya shiga kunnensa ƙarami sai ya fito ta bakinsa da ƙiba. Bai fahimci zancen tasha ba, bai ma nemi ya fahimta ba. Abu ɗaya ya kama, cewa ɗan maƙeri ya saci sunan Luka yana ciniki da shi. Kafin kasuwa ta watse maganar ta zaga Gwaram, ba a jima ba ta isa gaban dagacin Dingaya. Sai ga ɗan aike a shagon Luka, ana nemansa.

Dinatu ta raka shi bakin ƙofa. Ta ce, "Don Allah, Baban Joy, kafin kowa ya buɗe baki ka ja shi gefe ka tambaye shi." Ya ce to.

Ya isa Dingaya da hantsi. Tun daga nesa ya hango ƙarfen a bayan maƙera, ya miƙe sak. Bai samu damar jan kowa gefe ba, domin ya tarar ƙofar gidan dagaci ta cika kamar ana raɗin suna. Alhaji Haladu yana kan kujera da babbar riga, liman yana gefen dagaci. Ɗanbala yana zaune a tabarma, ya tsufa ƙwarai, hayaƙin maƙera ya ci masa ido. Abdulnasir yana ƙasa kusa da ubansa, kansa a sunkuye. Da ya ga Luka ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi hular kwanonsa ya ajiye. Luka ya amsa a daƙile.

Alhaji Haladu ya yi bayani, ya ƙara gishiri. Ya ce mutum ya riƙe yaro, ya ciyar da shi, ya koya masa sana'a, sakayyar ita ce a sace masa suna a kashe masa kasuwa, 'ya'yan mutane kuma su rasa jarrabawa. Ya yi ta nanata kalmar sata, kuma duk lokacin da ta fito sai kafaɗar Ɗanbala ta motsa.

Dagaci ya juya wurin Luka. "Malam Luka, tambaya zan yi maka a taƙaice. Sunanka yana cikin na'urar yaron nan?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe."

"Kai ka ce ya yi aiki da shi?"

Luka ya dubi Abdulnasir, yana so ya ɗago su haɗa ido. Bai ɗago ba. Duk ɓacin ran makonnin nan ya taso wa Luka.

"Ban ce ba, ranka ya daɗe."

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci masa rai daga baya. Kafin dagaci ya sake buɗe baki, Ɗanbala ya dafa sanda ya miƙe. Ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Tun kakannina ake ƙira a gidanmu, ba a taɓa kiran ɗayanmu ɓarawo a ƙofar nan ba. Wallahi tallahi ƙarfen can ba zai kwana a tsaye ba. Kuma muddin ina numfashi, ɗana ya bar wannan sana'a."

Sai a lokacin dagaci ya tuna ba a ji ta bakin wanda ake ƙara ba. Ya ce, "Kai Abdulnasir, me ya kai ka?"

Abdulnasir ya yi magana kansa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, rediyon da Oga ya yaye ni da shi ne. Yadda ya fito daga hannunsa haka na ɗaura shi. A gidanmu, gudumar da maigida ya sallami yaro da ita ba a sake mata ƙota, ba a goge alamar mai ita. Ta Baba har yau da alamar wanda ya koya masa. Na buɗe zan canja sunan, hannuna ya kasa. Na ga kamar in na goge, na ce ban san shi ba ke nan."

"To da ka ga abin ya zama rikici fa?"

"Da na ɗaura ban zaci zai kai Gwaram ba. Da na gane muna danne juna, na ce ai Oga ya gani, zai kira ni ya ce koma tasha kaza, in koma. Ban isa in kira shi in ce rediyonsa yana damuna ba. Da ya ƙara ƙarfi, nawa mutanen duk suka rasa sabis, har ɗakin magani. Na ce to wani laifi na yi masa yake hora ni, na yi shiru ina jira. Har kiransa na yi ko zai faɗa min laifin, ya ce ba komai."

Sai Luka ya gane. Duk lokacin nan da yake zaune yana jiran yaro ya nemi gafara, yaron yana can yana jiran maigida ya ba da umarni. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya zame daga kan benci ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, laifina ne, ban tambaya ba. Gyaran abin nan bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Yanzu a gabanku zan canja masa tasha, sunan kuma na ba shi halak malak. Don Allah a bar ƙarfen."

Liman ya sa baki, ya ce rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai a wuce wurin. Dagaci ya goyi baya. Alhaji Haladu kuwa ya shiga gyaran hula, yana cewa shi dai abin da aka gaya masa ya faɗa.

Ɗanbala ya lalubo kafaɗar Luka ya dafa. Ba da faɗa ya yi magana ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

"Malam Luka, ban riƙe ka a rai ba. Ka riƙe min ɗa da amana, ban manta ba. Kaffara zan iya yi. Amma maganar ta riga ta zaga Gwaram, ta shiga kasuwanni. Muddin ƙarfen nan yana tsaye, duk wanda ya wuce zai nuna shi ya ce ga na ɓarawon suna. Ba zan iya bin mutane ɗaya-ɗaya ina yi musu bayanin tasha ba. Da ka aiko min, da ni da kaina zan zo Birnin Kudu."

An yi ta roƙo har aka kira azahar, tsohon bai sauya ba.

Mutane suka watse, Luka ya kasa tafiya. Ya je ya zauna a kan wani kututture a bayan maƙera, a gindin ƙarfen. Khairiyya ta fito da goyo, ta durƙusa ta ajiye masa kwanon fura, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Idonta ya yi ja. Ya kasa sha. Ya ɗaga kai yana kallon aikin. Ƙarfen gaɓa-gaɓa ne, a maƙerar gidan aka haɗa shi, walda tsaf ba ƙuraje. Wayoyin da suka ɗaure shi ta kowane gefe sun ja daidai. Ya fi nasa na kan dutse kyau nesa ba kusa ba. Kamata ya yi a ce ya zo ya ga wannan tun ranar da aka kafa shi, ya tsaya a nan yana alfahari.

Bayan la'asar mutane suka sake taruwa, malaman makaranta, ma'aikaciyar ɗakin magani, samarin gari, kowa ya yi cirko-cirko. Abdulnasir ya fito ya ɗaura ɗamarar hawa. Ya dubi samarin da suka zo taya shi, ya dubi igiyar da za a riƙa zuro kaya da ita daga sama. Sauke ƙarfe ya fi kafa shi haɗari. In mai riƙon igiya a ƙasa ya saki da wuri, ko ya ja ba daidai ba, gaɓar da aka kwance za ta iya dokan na sama ta yar da shi. Sai ya tako wurin Luka ya tsuguna.

"Oga, yi haƙuri. Yaran nan ba wanda ya san riƙon igiya. Ko za ka taimaka ka riƙe min?"

Luka ya so ya ce a'a. Ya so ya ce a nemi wani, shi ba zai sa hannu a wannan ba. Amma ya dubi samarin ya san gaskiya ne, kuma ba zai bar ran yaron nan a hannun wanda bai iya ba. Ya tashi ya naɗa igiyar a hannu, ya kafa ƙafa.

Abdulnasir ya hau a natse, ba gaggawa, har ya kai ƙololuwa. Luka yana kallonsa ya ɗaure kansa, ya laluba bayan rediyon, ya zare wayar. Ya kwance shi tare da gaɓar sama, ya ɗaura a igiya, ya ce, "Oga, a hankali." Nauyin ya sauko a hannun Luka.

Ana cikin haka wayar Luka ta fara ƙara a aljihun gaban rigarsa. Ya san daga Gwaram ne, ya kuma san abin da za a ce masa: sabis ya dawo, yana gudu kamar ba a taɓa samun matsala ba, Allah ya yi albarka. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ƙara. Ta katse, ta sake. Hawaye suna zubo masa, ba hannun da zai share su.

Daga can sama Abdulnasir ya leƙo.

"Oga, a ɗan tsaya ka ɗauka mana. Kada ka bar kwastoma yana jira."

Luka ya girgiza kai, ya ci gaba da sakin igiyar kaɗan-kaɗan.